Farin Ƙyalle a Rami na Uku

Rabah,
Lahadi, 21 ga Satumba.

Zuwa ga Yayata Halimatussa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Bashir da aikin asibiti. Ni lafiyar jiki ƙalau nake, amma zuciyata kam, in kika ɗora mata tukunya sai ta tafasa. Kin san an hana mu riƙe waya a makarantar nan, shi ya sa na ba Malam Yusha'u direba wannan takarda, shi da ke kawo mana itacen kicin daga Wurno. In ban faɗa wa wani ba fashewa zan yi.

Kin tuna jar akuyar Kaka da aka yanka bara don ta kusa mutuwa, mahauci ya ciro leda a cikinta dunƙule kamar ƙwarya? Tun ranar da na ga Kaka ta ƙi cin naman nan na ƙulla gaba da leda. Da na dawo makaranta sai idona ya buɗe a kan jujin da ke bayan ɗakin kwananmu, wanda duk muka saba toshe hanci mu wuce. Na je na sami Malama Monica mai koya mana aikin gona, ta ce in na sami mutum biyar za ta tsaya mana. Na sami shida. Da hannunmu muka tsince jujin nan, Yaya, sati uku cur. Ledar fiyawata muka wanke muka yayyanka muna saƙa jaka da tabarma. Robobi kuwa muka huda muka binne a lambu don ruwa ya riƙa tsiyaya a gindin shuka.

Amma abin da na fi ji da shi shi ne ramukan taki. Sauran tuwo, ɓawon albasa, tokar kicin, kashin kajin makaranta, duk na jera su hawa-hawa kamar yadda Kaka ta koya mini, ina juyawa duk sati biyu. Kuma kin san dokarta: a soka sanda har ƙasa, a zaro a taɓa. In da ɗumi, taki ɗanye ne, kuma ɗanyen taki wuta ne ga ƙaramar shuka. In sanda ta fito da sanyi, ƙamshi ya koma na ƙasa bayan ruwan fari, to ya nuna, sai a ɗaura farin ƙyalle a bakin ramin. Ramuka uku gare mu yanzu. Na ɗaya ya nuna, na biyu na kan hanya, na uku kuwa sati biyu ke nan da cika shi, kashin kaji ne fal.

To ga inda gizo ke saƙa. Malama Monica ta tafi hutun haihuwa. Kwana huɗu da tafiyarta aka sanar cewa za a yi gasar tsabta tsakanin makarantun Wurno da Rabah da Goronyo, alƙalai za su zo kafin ƙarshen Oktoba. Mataimakiyar shugabar makaranta ta ce wai ana son wadda ta iya Turanci ta yi bayani, sai ta ɗauki ƙungiyar ɗungurungum ta danƙa wa Rahama, shugabar ɗalibai. Rahamar da ko tsinke ba ta taɓa ɗagawa ba! Rahamar da in ta zo wucewa ta wurinmu sai ta rufe hanci da gefen hijabi! Jiya na tarar an kafa allo mai fenti a bakin lambu, sunanta a sama da manyan baƙaƙe. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake karantawa, ko harafi ɗaya na sunana babu.

Na je na same ta gaban ƙawayenta na ce ina sunayenmu? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke Magajiyar Juji, mi kika nema? Wanga aiki na makaranta na, ba na gidanku na ba. Ni ash shugaba." Suka bushe da dariya. Yau tun safe har 'yan aji ɗaya Magajiyar Juji suke kirana.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wallahi Yaya ba zan bar ta ba. Ban san yadda zan yi ba tukuna, amma sai ta gane cewa juji ma da mai shi.

Ki gaida Yaya Bashir. In kin leƙa Taloka ki gaida mini Baba da Inna da Kaka.

Ƙanwarki,
Mashkura Mu'azu.

*

Wurno,
Alhamis, 25 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanwata Mashkura,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma duk muna lafiya. Na karanta ta a bakin aiki, sai da wata mai awon ciki ta tambaye ni mi ya ba ni dariya. Ki yi haƙuri, ba ke nake wa dariya ba, Magajiyar Jujin ce ta kama ni. Allah ya ja zamanin Magajiya, ya ƙara faɗin ƙasa.

Yanzu maganar gaskiya. An cuce ki, ba na musu. Ni ma na san irin su Rahama, akwai ɗaya a wurin aikinmu, ba a ganinta sai ranar da baƙi za su zo. Amma na san halinki tun kina goye. Ke ce kika zuba wa Khalid ɗan Baffa barkono a fura don ya karya miki 'yar tsana, kika manta ƙwarya ɗaya kuke sha. Ki jira Malama Monica ta dawo ki kai mata ƙara. Ko ki rubuta wa shugabar makaranta takarda cikin ladabi, ku sa hannu ku bakwai. Allo dai katako ne, gara ma na iya cinye shi, amma duk makarantar ta san wanda ya tsince jujin nan.

Na je gida ranar Asabar. Inna na fama da ƙafa amma da sauƙi. Kaka na nan da bakinta, ta ce in tambaye ki ko kina soka sanda har ƙasa ko kuwa kina yi irin na malalata. Baba kuwa ba ya zama, yana fadama yana gyaran kwamin da zai yafa irin albasa. Kin san ambaliyar bara ta cinye masa kusan duk abin da ya bari don iri. Abin da ya tsira gwangwanin madara biyu ne kacal, yana ƙulle a tsumma cikin akwatinsa, ko Inna bai yarda ta taɓa ba. Yaya Bashir ya ce zai sayo masa irin kanti ya ƙara, ka ga faɗa! Baba ya ce, "Wanga iri tun hannun ubana shike, shekara arba'in ba a haɗa shi da baƙo ba. Albasag gidanmu wata shidda taka yi cikin rumbu ba ta ruɓe ba." Haka Bashir ya haƙura. Jibi Baba zai yafa shi in Allah ya so, duka gwangwani biyun.

Ya yi ta ba mutane labarinki a majalisa, wai ɗiyarsa ta mai da shara taki a makarantar boko. Ba zan gaya masa zancen allo ba, ke ma kada ki gaya masa.

Ga sabulu sanda biyu da ƙuli-ƙuli na ba Malam Yusha'u. Ki kama karatunki, ki kuma kama zuciyarki.

Yayarki,
Halimatussa'adiya.

*

Rabah,
Juma'a, 10 ga Oktoba.

Yaya Halima,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, na ga sabulu da ƙuli, Allah ya saka. Shawararki ma na gani, na kuma bi ta, don kada ki ce ban ji magana ba. Mun rubuta takarda mu bakwai. Kin san inda ta ƙare? Hannun mataimakiya, ita kuma ta miƙa wa Rahama ta ce ta sasanta 'yan ƙungiyarta. Sasantawar da ta yi ita ce ta cire mu duka bakwai daga lambu, ta zuba 'yan ajinsu. Ni aka ba ni wankin bayan gida ranar da alƙalai za su zo, wai can na fi dacewa.

Duk wannan da na shanye. Amma kin san jakar nan da na yi wata biyu ina saƙa wa Kaka, mai ratsin shuɗi, wadda na ce za ta riƙa sa carbi da goro? Na bar ta a ɗakin ajiyar ƙungiya. Ranar Litinin a taron safe ina tsaye a layi sai ga ta rataye a kafaɗar mataimakiya. Har ta ɗaga ta sama tana nuna wa makaranta, wai a ga aikin hannun Rahama. Yatsuna har yanzu da kantar saƙar nan. Na tsaya ina kallo, hawaye na zuba, ba na baƙin ciki ba, na tsabar fushi.

Shekaranjiya kuma sai ga uwar gayyar ta biyo ni bakin famfo da murya mai zaƙi. Sun yafa albasa a lambu, ta tsiro kore shar, tana son ta barbaɗa mata taki don ta yi kyau kafin baƙi su zo. Ta ce, "Mashkura ƙanwata, ƙaƙa aka gane wanda yan nuna?" Yau na zama ƙanwa! Na ce mata ai abu ne mai sauƙi, duk ramin da ta ga farin ƙyalle a bakinsa shi ne. Ba ta tambayi zancen sanda ba, ni ma ban ɗauko ba. Ta juya ta tafi ko na gode babu.

To ki saurara. Yau bayan Azahar, kowa na hutawa a ɗaki, na zagaya bayan kicin. Na kwance ƙyallen daga rami na ɗaya na ɗaura shi a na uku. Na ɗebo baƙin taki tafi huɗu na watsa a samansa don ido ya yarda. Na soka sanda don in tabbatar, da na zaro sai da na yarfe hannu saboda zafi. Wari kuwa ba zai tona mini asiri ba, tunda ita duk taki wari yake mata, ba ta zuwa wurin sai da hanci a toshe.

Na san mi za ki ce. Ki riƙe wa'azinki, an ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ban taɓa jikinta ba, ban zage ta ba. Ƙyalle nawa ne, rami nawa ne, na ɗaura abina inda na ga dama. In ita ce mai lambun kamar yadda allo ya ce, to ta gane da kanta.

Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Mashkura.

*

Rabah,
Laraba, 22 ga Oktoba.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Shiru ban ga amsarki ba, ko kin yi fushi ne? To ko kin yi sai kin ji wannan labari, don ya fi zuma.

Ranar Asabar da ta biyo bayan wasiƙata, Rahama ta sa aka ɗebi rami na uku aka barbaɗa a kwami takwas. Ba ta yi da ƙyashi ba, ta zuba da yawa don albasa ta yi sauri. Ina leƙe ta tagar aji. Kwana biyu ba abin da ya faru, har na fara zaton dabarata ba ta ci ba. Rana ta uku sai kan ganye ya fara fari. Ta ce ƙishi ne, ta sa aka yi ta kwarara ruwa, ruwan kuma ya ƙara kai zafin ga saiwa. Kafin sati ya zagayo duk sun kwanta kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Da rana nake zuwa in wuce ta wurin a hankali, ina tafiya kamar amarya.

Shekaranjiya alƙalai suka zo, su uku. Na gama wankin bayan gidana da wuri, na wanke hannu na zo na tsaya bayan taro. Rahama ta sha guga, ta buɗe baki ta yi ta zuba Turanci. Ta so ta janye su wajen tabarmi da jakunkuna, amma akwai wani tsoho cikinsu, malamin gona ne da ya yi ritaya, kai tsaye ya nufi lambu. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza ya sansana. Ya ɗago ya ce, "Ɗiyata, wa yas sa ma jinjirin albasa ɗanyen kashin kaji?" Ta ce ai ya nuna, akwai ƙyalle. Ya ce, "Ƙyalle ka nuna taki? Ƙaƙa kika gwada shi?" Yaya, Turanci ya ƙare! Ya juya ya tambayi 'yan ƙungiyar, babu wadda ta san ko wata nawa taki ke yi. Sai wata 'yar ajinmu ta ɗaga murya daga baya ta ce a tambayi Magajiyar Juji.

Aka buɗe mini hanya. Na ɗauki sanda na soka a rami na ɗaya na miƙa masa, sanyi ƙalau. Na soka a na uku na miƙa wa mataimakiya da kanta, ta taɓa ta janye hannu. Tsohon ya yi ta jinjina kai. Babu wanda ya tambayi yadda ƙyalle ya koma can, kowa ya ɗauka ita ce ta ruɗe.

'Yan Goronyo ne suka ci gasar. Ko a jikina. Jiya a taron safe shugabar makaranta ta karɓe ƙungiya daga hannun Rahama ta mayar mini, aka tuge allon. Rahama ta kwana biyu ba ta fito cin abinci ba, an ce kuka take yi. Ta yi ta yi, ni ma na yi nawa babu wanda ya rarrashe ni. Jakar Kaka ma an dawo mini da ita.

Af, na manta. An yi taron iyaye ranar Lahadin da ta wuce waccan, Baba ya zo. Minti goma kawai aka ba mu, ya kawo mini dabino, yana ta fara'a, ya ce irinsa ya tsiro kamar gashin jariri. Ban gaya masa komi ba, kamar yadda kika ce.

Ki rubuto mana, ko faɗa ne ina so.

Magajiyar Juji da kanta,
Mashkura.

*

Wurno,
Litinin, 27 ga Oktoba.

Mashkura,

Wa alaikumus salam. Motar Malam Yusha'u ta yi kwana goma sha biyu a gareji, wani ne ya riƙa kai muku itace. Saboda haka wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso hannuna, ranar Juma'a. Da ta farkon ta zo a kan lokaci, da na bar aiki na hau mashin na zo Rabah a ranar. Allah bai nufa ba.

Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ranar taron iyayen nan, bayan an mai da ku aji, Rahama ta cika buhuna daga ramin mai farin ƙyalle ta jera a bakin ƙofa, tana ba 'yan kwamitin iyaye kyauta don a yaba wa makaranta. Sauran mutanen gari ne, sun kai gida sun jingine. Baba kuwa da ya zo wucewa ta tare shi ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi buhu biyu. Kin san mi ta ce masa? Ta ce, "Baba, ɗiyarka Mashkura ta haɗa wanga taki da hannunta, kai kac cancanta da shi." Ko kunyar furfura ce ta sa ta faɗi gaskiya, ko mi, ban sani ba. Ya ɗaura su bayan mashin ya kawo Taloka, yana tsayawa a hanya yana nuna wa mutane.

Washegari ya barbaɗa su a kwamin irinsa. Duka.

Na je ranar Asabar na gani da idona. Kwami shida, Mashkura, babu kore ko na rantsuwa sai ɗan lungu ɗaya da buhu ya ƙare kafin a kai gare shi, bai fi faɗin tabarmar salla ba. Na tarar da shi tsugune yana tsintar matattun yana jerawa a tafin hannu, kamar mai neman wanda zai farfaɗo. Bana ba shi da abin dashe. Maƙwabta sun ce za su sammasa nasu, amma kin san ba albasar ce ta dame shi ba, irin ne.

Na kasa daurewa na ce, Baba, kai da ka shekara arba'in a fadama, ba ka ji ɗuminsa ba? Sai ya ce, "Na jiya. Da nis sa hannu cikin buhu naj ji ɗumi, hancina ma ya hwaɗa min. Sai nic ce zahin rana na bisa hanya. Mashkura ɗiyar Kaka ta, ba ta sakin taki ɗanye."

Lokacin wasiƙarki na cikin jakata, a kafaɗata. Ji na yi kamar na rataya garwashi.

Kaka ta sa aka kawo mata ragowar buhun ta sansana, ta tambaye ni sau ɗaya ko kin daina ɗaura ƙyalle ne. Na ce ban sani ba. Ta dube ni irin kallon nan nata, ta ci gaba da jan carbi. Inna kuwa Rahama take ta tsine wa, har ta ce sai Baba ya je ya kai ƙararta wurin shugabar makaranta a kore ta.

An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ke naki har da sanda kika auna zurfinsa. Na yi fushi da ke irin wanda ban taɓa yi ba, kuma ina jin tausayinki, ban san wanda ya fi yawa ba. Ban gaya wa kowa ba, ko Bashir. Amma ki sani ba zan zauna ina kallo a kori ɗiyar mutane a ajin ƙarshe a kan ƙyallen da ke kika ɗaura ba. Bakinki ya fi dacewa da maganar nan, ba nawa ba.

Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Halimatussa'adiya.

*

Rabah,
Alhamis, 30 ga Oktoba.

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta.

Wa ya aike ta? Wa ya ce ta raba takin da ba nata ba? Wata guda tana cin sunana, ba ta tashi tunawa da ni ba sai ranar da sunan zai ƙone gonar ubana! Da ta tsaya a kan ƙaryarta ta ce ita ta haɗa, wallahi da Baba ya sansana ya zubar a bakin hanya. Ko gaskiyarta ma cuta ce. Na tsane ta, Yaya, na tsane ta fiye da da.

Na rubuta wannan na ajiye biro, na kasa ci gaba sai yanzu bayan La'asar. Dabinon da ya kawo mini na nan cikin akwati tare da ƙyallen, na kasa taɓa ko ɗaya. Ɗan lungun nan da ya tsira, zai isa a sami iri baɗi? Ki tambayar mini Kaka, amma kada ki ce ni na tambaya.

Don girman Allah ki ƙone wasiƙar nan ta ranar Juma'a. Ki bar ni zuwa hutu, zan san yadda zan yi. Ba dukan Baba nake tsoro ba, kin san bai taɓa dukana ba. In ya yi shiru ya dube ni, ina zan sa kaina?

Rahama ta karɓi izinin fita, an ce ubanta zai zo ya ɗauke ta ranar Asabar. Ban san inda za su ba, ban kuma damu ba.

Ƙanwarki,
Mashkura.

*

Taloka,
Lahadi, 2 ga Nuwamba.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Mu'azu Abdulƙadiri zuwa ga ɗiyata Mashkura. Malam Almustapha na makarantar firamare ka rubuta min, na ce ya sa yadda nif faɗa.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, muna lahiya, Innarki da Kakarki suna gaishe ki. Abin da yas samu iri ƙaddara ta, mun ce Inna lillahi. Lungu guda ya tsira. In Allah ya raya shi ba mu sai da ko ɗaya, iri za mu bari.

Jiya wagga yarinya Rahama ta zo har gida ita da mahaihinta, da ƙullin irin kanti ga hannu. Ta durƙusa tsakar gida tana kuka, har Innarki da ta yi rantsuwa sai an kore ta ita ta tashe ta. Na yahe mata, ba ni kai ƙarar kowa. Irin kuwa na mai da musu.

Magana guda ta hana ni sukuni. Yarinyar ta rantse da Allah ba ta ɗiba ba sai ga ramin da ad da hwarin ƙyalle, kamar yadda kinka hwaɗa mata. Ni kuwa gaban ubanta nic ce mata, ɗiyata ba ta kuskuren ƙyalle, tun tana shekara tara ba ta taɓa yi ba. Kakarki na zaune, ta ce haka na.

Sau guda na ƙaryata hancina sabili da ke. Yanzu na ƙaryata ɗiyar mutane gaban ubanta sabili da ke. Ban tambayi Halima ba, ba ni kuwa tambayarta. Ke nika tambaya: wa yaɗ ɗaura ƙyallen?

Ki ba Yusha'u amsa. Ina hwadama kullum har Magariba.

Allah shi yi miki albarka.

Mahaihinki,
Mu'azu.